Rigar Fatar Doki ta Haj Abbakar

Tun da na dawo daga Masar ba a bar ni na huta ba. In na zauna a rumfa, wannan ya leƙo ya ce, "Tasi'u, yaya Alƙahira?" wancan ya ce, "Ka ga dalar Fir'auna?" Ban ga dala ba, ban shiga kwalekwale a kogin Nilu ba, ban kawo wa kowa tsarabar dabino ba. Riga na je ɗaukowa. Shi ya sa na ce bari in rubuta labarin sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, domin duk lokacin da na faɗe shi da baki sai na ji jinina ya hau.

Ni ɗan gwanjo ne a Jos, shekarata ashirin da biyu ina fasa dila. A cikin wannan sana'a na kamu da wata cuta da ba ta da magani, wato tara tsofaffin rigunan fata na mahaya babur. Ba irin na roba nake nufi ba, waɗanda damina ɗaya ke sa su fara saɓa. Ina nufin na da, masu nauyi, waɗanda in ka ajiye su a ƙasa za su iya tsayawa da kansu. Guda tara nake da su, ba na sayarwa, ba na ba da aro. Matata Binta ta ce kabad ɗina warin majema yake yi, abokai kuma sun daɗe da yanke hukunci cewa akwai abin da ya taɓa ni a ka.

Akwai samfuri ɗaya da ban taɓa riƙewa da hannuna ba sai a hoto. Fatar doki ce, ba ta saniya ba. Zif ɗinta na tagulla ne, a karkace yake hawa daga ƙugu zuwa kafaɗa, kuma a gindinsa akwai 'yan ƙusoshi biyu da suka riƙe shi, abin da aka daina yi tun kafin a haifi babana. A ƙirjin hagu akwai babban aljihu mai siffar rabin wata. Cikinta an yi mata shafi da ulu mai ɗaki-ɗaki. Fatar kuma baƙa ce a sama, amma inda ta goge da shekaru sai ja irin na shayi ya fito daga ƙasa. Waɗannan abubuwa su ne shaidarta. In babu su, ko da gaske tsohuwa ce, ba mai iya rantsewa a kanta.

Wata rana da rana tsaka sai ga hoto ya shigo wayata daga Nafi'u. Nafi'u abokina ne tun firamare, shi ya bi karatu ni na bi kasuwa, yanzu yana can Alƙahira yana fama da digiri na uku har furfura ta fito masa. Ya je ta'aziyya wata unguwa ya ga wani dattijo Bahaushen Sudan ya ɗora rigar fata a kan jallabiya, sai ya ɗauka don ya tsokane ni. Ya rubuto, "Ga ɗan'uwanka a hauka." Na buɗa hoton da yatsu biyu, na ga aljihun rabin wata, na ga zif a karkace. Na bar mai ciniki a tsaye da wando a hannu na kira shi. Bayan sati shida ina cikin mota zuwa Kano.

Kuskuren farko da na yi shi ne barin Binta ta faɗa wa mutane zan je Masar. Ashe duk wanda ke da ɗa ko ƙani yana karatu a can jira yake. Aka yi ta kawo saƙo: kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, daddawa, man shanu a robar lemo. Ni da na yi niyyar tafiya da jaka ɗaya rabinta babu komai don in sami wurin sa riga, sai ga ni da buhu. A tasha direba ya cusa mu huɗu a baya, ya tura buhun nan ƙarƙashin tayar safaya. Kafin mu kai Kano man shanu ya narke ya bi cikin daddawa, daddawa ta bi cikin kayan sawata. Haka na hau jirgi, matar da ke kusa da ni tana ta duba ƙarƙashin takalminta.

A filin jirgin Alƙahira jami'in da ke buga fasfo ya tambaye ni da Turanci abin da ya kawo ni. Da na ce yawon buɗe ido da tuni na wuce. Amma a ganina ƙarya a bakin iyakar mutane ba ta da amfani, sai na ciro waya na nuna masa hoton. Ya dubi riga, ya dube ni, ya kira na kusa da shi, shi ma ya duba. Suka yi wata magana da Larabci suka kwashe da dariya. Ya buga min hatimi yana girgiza kai, ya ce, "Welkam." Ban san abin da suka ce ba, amma irin dariyar na santa, ita ce ake min a majalisarmu, ta riga ni sauka ne kawai.

Nafi'u yana waje yana jira, ya yi ƙiba, harshensa ya koma rabin Larabci. "Yalla, yalla, mutumina! Hamdilla ala-s-salama. Kai, wannan warin fa?"

"Saƙon 'yan'uwanku ne," na ce. "Ɗauki buhun, ni na gama nawa."

Ya tare tasi, suka hau musu da direba, kowa na ɗaga hannu, jijiyar wuya a waje. Na ajiye jaka na gyara tsayuwa don na ɗauka dambe za a yi. Sai kawai na ga sun yi dariya, direba ya dafa kafaɗarsa, an buɗe but. A garinmu in murya ta kai nan sai an kira dattawa. Su a wurinsu gaisuwa ce.

Masaukin a Madinat Nasr yake, hawa na bakwai, su huɗu suke haya, kowa da iyali a gida Najeriya. Akwai lif, amma ba ya aiki. Mai gadin gidan, wanda suke kira bawwab, ya ce min "ma'alish, bukra", wato in yi haƙuri, gobe. Kwanana tara a gidan, kullum da safe sai ya sake faɗa min da fara'a kamar sabon labari. Wannan kalma ta ma'alish ita ta fi komai ƙona min rai a ƙasar. A take maka ƙafa, ma'alish. Mota ta kusa kwashe ka, direba ya leƙo, ma'alish. Ba ka da damar yin fushi ka ƙoshi, kafin ka buɗe baki an riga an ba ka haƙuri.

Sannan sanyi. Ni mutumin Jos ne, na ɗauka ba wanda zai koya min sanyi. Namu yana waje ne, ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka tsira. Nasu a cikin ɗaki yake zaune, yana fitowa daga tayil ya shiga ƙashi. Da safe suka kawo wake dafaffe da aka dama da mai, da wani ƙosai kore, da gurasa. Da rana aka kai ni cin koshari, wato shinkafa da taliya da wake da soyayyar albasa duk a kwano ɗaya, ko ƙashi babu. Garau-garau ce da ta yi karatu a waje. Na ci, don ba laifi tana da daɗi, amma hankalina ba ya kan abinci.

"Yaushe za mu je wurin tsohon?" na tambayi Nafi'u tun ranar farko.

"Ba a faɗa wa dattijo gida haka kawai. Na kira shi, ya ce Talata."

"Talata? Yau fa Asabar!"

"Ma'alish," in ji shi. Saura kaɗan in jefe shi da gurasa.

Don in rage zafi, ranar Litinin ya kai ni babbar kasuwar gwanjonsu da ke kusa da kogi. Nan ne kawai na ji kamar ina gida, don warin dila ɗaya ne a ko'ina. Wani mai shago ya ga ina shafa rigunan fata, ya shiga ciki ya fito da wata, yana rantsuwa wai ta fi kakansa tsufa. Na juya ta sau ɗaya. Fatar saniya ce, an goge gwiwar hannu da takardar yashi don ta yi kamar ta sha jiki, zaren ɗinkin kuma na roba ne. Na sa Nafi'u ya fassara masa aibinta ɗaya bayan ɗaya. Kafin in rufe baki mutumin ya sauko da farashi har ƙasa, yana bin mu da ita har bakin titi. Ban saya ba, amma na fito ina jin kaina.

A nan ya kamata in yi bayanin wani abu ga wanda ba ɗan kasuwa ba. Ubangidan da ya koya min gwanjo ya kafa min doka tun ina sabon shiga: kada mai kaya ya ga so a idonka, kuma kafin ka tambayi kuɗi ka nemo aibi uku ka faɗa da ƙarfi. Ko babu, ka ƙirƙiro. Mai kaya ya san ƙarya kake, kai ma ka san ya sani, a haka ake haɗuwa a tsakiya. Shekara ashirin da biyu ina yin wannan har ya zame min kamar numfashi. Ko lemo zan saya sai na ce ya yi yaushi.

Ranar Talata muka kama hanyar Ard al-Liwa, unguwar da tsohon yake. Ƙaramar bas, sannan jirgin ƙarƙashin ƙasa, sannan muka tsallaka layin dogo da ƙafa, sannan keke mai ƙafa uku da wani matuƙi da ban ga alamar ya taɓa jin labarin birki ba. Lunguna ne matsattsu, gidaje dogaye na jan bulo sun rufe rana, shanya a sama, mutane a ƙasa kamar ranar kasuwa. Ina cikin wannan hayaniya sai na ji wani ya ce, "Kai, miƙo min wuƙar nan." Na waiga. Mutum ne da jallabiya da rawanin Sudan yana gasa tsire, wanda su suke kira agashe. Hausa tsantsa a tsakiyar Masar. 

Dattijon mai rigar, Haj Abbakar, dogo ne siriri, ya haura saba'in, yana zaune a ɗaki biyu da 'yarsa Nafisa da 'ya'yanta. Kakansa ne ya taso daga Haɗeja da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a Sudan, zuri'a ta zauna. Shi kuma yaƙi ya koro shi daga Omdurman. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, da Larabci a tsakani.

"Faddal, faddal, shigo ɗana. Ka zo daga ƙasar kakana saboda ni? Ya salam! Yaya Haɗeja? Har yanzu ana kamun kifi?"

Na ce ana yi, ko da yake ban taɓa zuwa Haɗeja ba. Aka kawo gahawa mai citta a ɗan tulu, muka sha kofi uku. Ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi damina, ya tambayi farashin gero. Ni kuwa idona na kan ƙofar ɗaya ɗakin. Sai da aka kusa awa ɗaya sannan ya ce, "Ya Nafisa, kawo rigar kakanki."

Da ta ɗora min ita a cinya, nauyin kaɗai ya gaya min. Na shafa fatar: ƙwayarta a matse, santsi, ba ta miƙewa, kuma ninkin hannun ya kwanta layi-layi yadda fatar doki kaɗai ke yi. A kafaɗa da gwiwar hannu da bakin aljihu baƙin ya goge, jan shayin nan ya fito, yana ɗaukar haske. Na duba gindin zif, ga ƙusoshin nan biyu. Na ja shi, ya hau sumul har wuya. Na buɗe ciki, ga ulu mai ɗaki-ɗaki ja da baƙi, ya ɗan yage a hammata, ga ɗan ƙyallen tambari saƙaƙƙe a ƙarƙashin wuya, rubutun ya dushe amma ana karantawa. Ita ce. 

Haj yana ba ni labari. Babansa ya yi aikin kai wasiƙu a kan babur a gonakin auduga, wani Bature da ya yi wa aiki ya bar masa ita da zai koma. Ranar da suka gudu daga Omdurman rigar ta ƙi shiga jaka, sai ya saka ta a jikinsa, ya yi kwanaki a cikinta cikin zafin hamada har iyaka. "Gida ya tafi, dukkan ya tafi, kutub ɗina, littattafaina duka, sun tafi," in ji shi. "Ita kaɗai ta biyo ni."

Mai hankali da ya ji wannan zai yi shiru. Ni kuwa sai bakina ya buɗe da kansa. Na taɓe fuska, na ja zif ɗin na yi kamar ya cije.

"Baba, ai ta mutu. Dubi zif, ya yi tsatsa, yau ko gobe zai watse."

Ya matso ya duba. "Haka ne?"

"Ga launi duk ya koɗe, baƙi ba baƙi ba, ja ba ja ba. Ga shafin ciki ya yage, asu ya ci. A wurinmu wannan ko a kasuwar ƙauye sai an sha wahala."

Nafi'u ya taka min ƙafa. Na janye ƙafata, a raina ina cewa ɗan boko me ya sani a ciniki. Ina jiran tsoho ya yi abin da kowane mai kaya ke yi, ya fizge rigarsa ya rantse cewa babu irinta. Bai yi ba. Ya karɓe ta a hankali, ya shafa kafaɗar inda jan ya fito, ya ƙirga da yatsu. "Zif. Launi. Shafi. Akwai saura?"

"Su ke nan dai manya. To nawa za a bar min?"

"Ka dawo Juma'a bayan salla, mu ci abinci, ka tafi da ita."

"Kuɗin fa, Baba?"

"Juma'a, ya waladi. Khalas."

Kwana ukun nan na yi su ne cikin baƙin rai. Na tabbata tsoho zai zaga ya tambayi masana, wani ya buɗe masa ido, ranar Juma'a ya yanka min farashin mota. Na zargi Nafi'u da cewa shi ya nuna masa zumuɗina tun a waya. Na yi faɗa da bawwab a kan lif da hannu da ido, tunda ba ma jin yaren juna. Nafi'u ya ce mu je mu ga dala, na ce ya je ya gaishe su.

Ranar Juma'a muka tarar an share ɗaki, an kunna turaren wuta, har da maƙwabta biyu an gayyato. Aka kawo asida da miyar busasshiyar kuɓewa, tuwo ne sak sai dai sunan. Ban san abin da na ci ba. Da aka wanke hannu Haj ya yi gyaran murya, Nafisa ta fito da wani abu a rataye cikin ledar masu wanki da guga. Tun kafin a cire ledar warin ya iso ni, warin sabon fenti.

Baƙa ƙirin. Tana ƙyalli kamar takalmin ɗan sanda ranar fareti. An feshe ta tun daga wuya har ƙugu, jan shayin da ya ɗauki shekaru tamanin yana fitowa babu ko ɗigonsa. Zif sabo fil, fari, mai haƙoran roba, inda ƙusoshin suke an toshe da ɗinki. Na buɗe ciki. An cire ulun gaba ɗaya, an sa wani yadi mai santsi ruwan toka. Tambarin wuya ya tafi tare da shi.

"Zif, launi, shafi," in ji Haj, yana murmushi har kunne. "Duka uku. Na tsaya a kan usta mai gyara da kaina har ya gama."

Na sake juya rigar, shi kuwa ya ci gaba.

"Kunya ta kama ni ranar nan, ɗana. Mutum ya hau ɗayyara daga ƙasar kakana, ya zo gidana, in miƙa masa tsumma? Ni idona ya saba da ita, ban ga ta lalace haka ba sai da ka faɗa. Allah ya saka maka da ka gaya min gaskiya."

Na sa hannu a aljihu, don ban san me zan yi da hannun ba. Ya riƙe min wuyan hannu, fuskarsa ta canza.

"La, la! Aib! Wa ya ce maka sayarwa zan yi? Tun ranar da Nafi'u ya ce min akwai mai son ta a ƙasar Hausa na ce ta sami gida. Ni na kusa tafiya, jikokina ba su san darajarta ba. Hadiyya ce, kyauta na ba ka. Saka mu gani."

Ashe tun farko babu farashin da zan karya. Na saka ta. Maƙwabta suka ce mabruk, Nafisa ta ɗauke mu hoto, ni da shi, ya rungume kafaɗata. Na yi godiya, na yi addu'a, na ce ban taɓa ganin gyara mai kyau irin wannan ba. Duk wanda ya ga hoton nan zai ga haƙorana a waje. Ba dariya ba ce.

Muna sauka daga bene na juya kan Nafi'u a tsakiyar lungu.

"Kai ka san zai yi wannan! Kana zaune kana kallo!"

"Ni? Ban taka maka ƙafa ba?"

"Taka ƙafa magana ce? Ba ka da baki? Shekara nawa kana karatu, ba ka iya cewa Baba kada ka taɓa ta ba?"

"Tasi'u, ni ban san zif daga igiya ba. Kai ne masani. Masani ya ce ta mutu, ni wa zan ce? Mutumin nan ba ɗan kasuwa ba ne, malamin makaranta ne ya yi ritaya. In ka faɗa masa magana, ɗauka yake haka take."

Mai agashe ya daina fifita wuta yana kallonmu. Na rage murya, na ce ya kai ni wurin mai gyaran yanzu-yanzu. Fentin ba zai fita ba, wannan na sani, ya riga ya shiga fata. Amma in na sami zif ɗin da ulun da tambarin, zan iya mayar da su a Jos da hannuna, ko ba komai a san abin da take a da.

Muka yi tambaya har muka sami shagon, wani ɗan rami ƙarƙashin bene, cike da jakunkuna da takalma. Ustan, wato mai gyaran, Bamasare ne tsoho mai kauri, da tabarau a kan hanci. Yana ganin rigar a jikina ya ajiye abin da ke hannunsa. Nafi'u ya yi masa bayani, shi kuma ya fara magana da zafi, yana nuna rigar, yana dukan tebur.

"Me yake cewa?"

"Ya ce shekararsa arba'in da biyar yana aikin fata, sau ɗaya ya taɓa ganin irinta kafin wannan. Ya ce sau biyu yana mayar wa Haj da ita, yana roƙonsa kada a taɓa ta, ya ce masa duk mai son wannan riga a haka yake son ta. Haj ya ce a'a, baƙon masani ne, da bakinsa ya lissafa."

"Ulun fa? Tambarin?"

Nafi'u ya tambaya. Usta ya nuna titi da haɓa. "Ya ce Haj ya tsaya sai da aka zuba su a shara a gabansa, wai asu ya ci, kada ya shafi kayan mutane. Masu kwasar shara sun wuce tun jiya da safe."

Usta ya ƙara wata magana, gajeriya, yana kallona ta saman tabarau. Nafi'u ya juya zai fita.

"Fassara."

"Bar shi kawai, mu tafi."

"Na ce ka fassara!"

"Ya ce yana so ya san wane jaki ne ya dubi zif ɗin nan ya ce ya mutu."

Na tsaya a cikin rigar nan mai warin fenti, gumi na bin bayana duk da sanyin garin. Na nemi wanda zan ɗora wa, na duba Nafi'u, na duba usta, na tuna tsoho da murmushinsa. Babu kowa.

"Gaya masa ni ne."

Usta bai buƙaci fassara ba. Ya jawo aljihun teburinsa ya fito da wani abu a naɗe cikin takarda. Ya warware. Zif ɗin ne, cikakke, ya cire shi da ƙusoshinsa biyu ba tare da ya karya ko haƙori ɗaya ba, har ya goge shi da mai. Ya kama gindinsa da yatsu biyu ya ja, ya hau sumul, ya sauko sumul. Na miƙa hannu, na ce wa Nafi'u ya gaya masa ya faɗi duk abin da yake so.

Usta ya naɗe takardarsa, ya mayar cikin aljihun tebur, ya murɗa makulli, ya jefa makullin a aljihun gaban rigarsa. Ya faɗi kalma uku ko huɗu, ya ɗauki takalmin da yake ɗinki ya ci gaba da aikinsa.

"Ya ce me?"

Nafi'u ya kama hannuna ya ja ni waje. Sai da muka kai layin dogo sannan ya amsa.

"Ya ce ba ya sayar wa wanda bai san kaya ba."